Ƙananan Halittun Ruwa da Lafiyar Teku

Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, ya zubo a Matsirga kusa da Kafanchan, yana da doguwar tafiya a gabansa, domin rafukan kudancin Kaduna sun kasu, wasu suna bin Kogin Mada zuwa Binuwai, wasu kuma suna bin Gurara ko Kogin Kaduna zuwa Neja. Manyan kogunan biyu suna haɗuwa a Lokoja, daga nan ruwan ya ratsa yankin Neja Delta ya faɗa Tekun Atlantika, inda gaɓar Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853. Iskar damina da ke kawo hadari daga kudu maso yamma ita ma daga wannan teku take ɗauko danshinta.

A cikin ruwan teku da na tafki akwai halittu masu ɗimbin yawa da ake kira filankton, waɗanda yawancinsu ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abu, kuma ba su da ƙarfin yin iyo su saɓa wa igiyar ruwa, sai inda ta kai su. Sun kasu manyan kashi biyu. Kashi na farko dangin tsiro ne, masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda ganye yake yi, suna fitar da oksijin, wato sashen iska da mutum da dabba suke shaƙa su rayu. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga teku yake fitowa, mafi yawansa kuwa aikin waɗannan ƙananan tsirrai ne. Kashi na biyu dangin dabba ne, suna cin na farko, ƙananan kifaye da jatan lande su ci su, manyan kifaye kuma su ci ƙanana. Saboda haka kifin ƙanƙara da busasshen jatan landen da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan, asalin abincinsu filankton ne.

Binciken wannan fanni ya daɗe. A shekarar 1865 wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya ƙirƙiro farin faifai da ake ɗaura wa igiya a zura cikin ruwa a hankali har ya ɓace wa ido, sannan a auna tsawon igiyar da ta nutse. Idan faifan ya ɓace tun bai yi nisa ba, ruwan ya cika da filankton ko laka. Har yau ana amfani da shi, duk da cewa taurarin ɗan Adam suna auna launin teku daga sama. A Nijeriya an kafa Cibiyar Nazarin Teku ta Ƙasa a Legas a 1975, akwai kuma cibiyar nazarin kifin koguna da tafkuna a New Bussa, kusa da Tafkin Kainji.

Mai kiwon kifi a kududdufin ƙasa yana iya yin wannan awo da hannunsa, ba tare da ya sayi komai ba. Idan ya tsoma hannu har gwiwar hannu yana ganin tafinsa sarai, ruwan ba shi da isasshen abinci ga karfasa. Idan kuwa tafin ya ɓace tun daga wuyan hannu, ruwan ya yi kore shar, to abin ya wuce kima, kuma akwai haɗari ga kifin. Dalili shi ne, da dare waɗannan tsirrai ba sa fitar da oksijin, shaƙarsa suke yi, kuma idan sun mutu ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su suna cinye sauran oksijin ɗin. Shi ya sa ake ganin kifi da asuba sun taso saman ruwa suna buɗe baki, alamar da ke nuna a rage abinci da taki, a sauya wani kaso na ruwan.

Abin da ke faruwa a kududdufi shi ne ke faruwa a bakin teku, sai dai da girma. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gonakin masara da na citta, da ƙazantar gari, suna ƙosar da filankton har su yi yawa, su ruɓe, oksijin ya ƙare. A Amurka, takin da Kogin Misisifi yake kwasowa daga gonaki yana haddasa wani yanki mai faɗin dubban murabba'in kilomita a Tekun Meziko, inda kifi ba ya iya zama a duk lokacin zafi. A gaɓar Nijeriya kuwa malalar man fetur ta yi babbar ɓarna, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya tabbatar, domin ta kashe dazuzzukan bakin teku da kifaye suke hayayyafa a cikin saiwoyinsu.

Manomin da gonarsa take bakin rafi zai rage asarar takinsa idan ya binne shi kusa da gindin shuka maimakon watsawa, ya kuma guji zubawa lokacin da hadari ya haɗo. Barin ciyawa da itatuwa tsakanin gona da rafi yana tare ƙasa da taki. Wanke tankin feshi a cikin rafi, da zuba guba don kama kifi, ayyuka ne da ya kamata masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma su hana.