Ƙurji a Baki da Zazzaɓi: Kada a Ce Zafi Ne Kawai

Yawancin ƙurajen da ke fitowa a cikin baki ba abin tayar da hankali ba ne. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sukan warke da kansu. Amma idan ƙurjin ya zo tare da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya ko ƙarƙashin haɓa, to magana ta canza.

Ƙyandar biri na daga cikin cututtukan da kan fara nuna kansu ta nan. An fara gano ta a jikin ɗan'adam a Kwango a 1970, ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga jihar Bayelsa, sannan sau biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin barazana ga duniya, a Yulin 2022 da Agustan 2024. A jikin wasu masu cutar, ƙurajen kan bayyana a harshe, ganɗa ko cikin leɓe tun kafin a lura da na fata. Ruwan ƙurajen cike yake da ƙwayar cutar, yana kuma gauraya da yawu. Shi ya sa sumba da haɗa kofi, cokali ko burushi ke da hatsari.

Abin yi shi ne a je asibiti a gwada, domin ido kaɗai ba ya bambance ta da sauran ƙuraje. Kafson kemis ba ya kashe irin wannan ƙwayar cuta, asarar kuɗi ce kawai. Kada a fasa ƙurjin, kada kuma a kai wa wanzami. Aska na iya kwasar cutar ta kai wa wani.

A gida, majinyaci ya ware kwanonsa da asuwakinsa, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya sha kunu da ruwa sosai ko da haɗiya na masa zafi, musamman in yaro ne, don rashin ruwa kan galabaitar da yara da wuri. A ɗaga cire haƙori ko wankinsa a asibiti sai an warke, sai dai in likita ya ga larura. Cutar kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, kuma mutum na iya yaɗa ta har sai ɓawon ƙurajen ya zube, sabuwar fata ta fito.