Sunan Holan a Gidan Kakata

Tambaya: Malam, kakata ta wajen uwa 'yar Elmina ce, sunan gidansu kuma na Turawan Holan ne. Ta ina zan fara bin salsalarmu? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kike zato yana iya yiwuwa. Holan ta ƙwace Elmina daga hannun Fotugal a 1637, ta riƙe garin har 1872 da ta miƙa wa Ingila. Ma'aikatanta da dama sun auri matan garin, 'ya'ya suka tashi da sunan uba. Sai dai suna kaɗai ba hujja ba ne. Daga 1831 Holan ta ɗebi sojoji 'yan Afirka wajen 3,000 zuwa tsibirin Java, aka laƙaba wa da yawansu sunayen Holan, wasu suka komo Elmina da su.

Ki fara da tsofaffin gida tun suna raye. Ki naɗi maganarsu a waya, ki nemi takardun baftisma da na gado, ko da gara ta ci gefensu. Ki rubuta sunan ta kowace sigar da kika ji, domin magatakardan wancan zamani kowa da yadda kunnensa ya jiye masa.

Daga nan ki leƙa tsohuwar maƙabartar Holan a Elmina, ki karanta duwatsun kaburbura, sannan ofishin adana tarihi na Cape Coast. Tarin takardun Furley, wato kwafen tsofaffin takardun Holan, yana laburaren Balme a Jami'ar Ghana da ke Legon, na asali kuwa suna birnin Hague.

Kada ki ga sunanku ya zo ɗaya da na wani gwamna ki manne masa. Masu sayar da bishiyar zuriya a intanet kuwa, kada ki ba su ko sisi sai sun nuna miki takarda.