Babi na Shida: Gano Kiwo da Noma a Tarihin Ɗan'adam, Misali Daga Duwatsun Birnin Kudu

6.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci binciken kimiyya, ɗalibai da yawa sukan tuna lantarki ko kwamfuta kawai. Amma tun kafin waɗannan, ɗan'adam ya gano hanyar horar da dabbar daji ta zama ta gida, da mayar da ciyawa ta zama hatsi. Wannan babi zai dubi wannan ci gaba ta hanyar shaidar da ke Kudancin Jihar Jigawa.

6.1 Asalin Kiwo da Noma

Masana sun nuna cewa an fara kiwon shanu a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Gero kuwa a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma shi, domin an sami ɓurɓushinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, mai shekaru fiye da 4,000. Da abinci ya wadata, sai mutane suka zauna wuri ɗaya, gari ya kafu, aka sami kasuwa da sana'a da sarauta.

6.2 Shaidar Duwatsun Birnin Kudu

A jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi da jan launi. Bernard Fagg, wani masani ɗan ƙasar Ingila, ya yi nazarin waɗannan zane-zane a shekarun 1950, tare da wasu duwatsu da ke kusa da su masu ba da amo kamar ƙararrawa idan an buga su.

Abin lura shi ne, akwai shanu marasa tozo a cikin zanen. Shanun da ake kiwo a Birnin Kudu da Gwaram a yau masu tozo ne, kuma asalin irinsu daga yankin Indiya yake, daga baya suka bazu a Afirka. Ke nan zanen yana nuna wani zamani da irin shanun yankin ya bambanta da na yanzu.

6.3 Yadda Ake Auna Shekaru

A shekarar 1949 Willard Libby na Amurka ya fito da hanyar auna shekarun gawayi da ƙashi. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14. Idan ya mutu, rabin sinadarin yakan ɓace a duk shekara 5,730, don haka abin da ya rage shi ke nuna tsufansa. Da wannan hanya aka gano cewa an narkar da tama a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, fiye da shekara 2,000 da suka shige.

6.4 Alaƙar Darasin da Harshe

Kowane ci gaba yakan bar sawunsa a harshe. Dubi kalmomin sa da saniya da bijimi da karsana da maraƙi. Dubi kuma bunaji da rahaji, waɗanda Hausa ta aro daga Fulatanci saboda cuɗanya da makiyaya. Yawan irin waɗannan keɓaɓɓun kalmomi alama ce ta matsayin kiwo a rayuwar al'umma.

6.5 Kammalawa

Zanen dutse ba ya da kwafi. Idan aka fasa dutsen ko aka kankare zanen, shaidar ta tafi ke nan. Saboda haka wajibi ne malami ya sanar da ɗalibansa darajar abin da ke ƙofar gidansu, domin Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda kiwo da noma suka haifar da kafuwar gari.
2. Me rashin tozo a zanen shanun Birnin Kudu yake nunawa?
3. Tattaro kalmomi 20 na kiwo daga bakin makiyaya a Birnin Kudu ko Gwaram, ka ware na aro daga cikinsu.