Amsoshin Tambayoyinku: Tsoron Ambaliya Rashin Tawakkali Ne?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Haɗejiya, na daɗe ina zaman haya da iyalina. Da adashi da ɗan noman shinkafa na tara kuɗi, na samu gida har na ba da kafin alƙalami, sai ɗaya daga cikin magada ya ce bai yarda a sayar ba. Sai bayan watanni aka dawo mini da kuɗina, a lokacin kuwa komai ya tashi. Yanzu dillali ya nuna mini wani gidan mai sauƙi a bakin fadama. Hankalina bai kwanta ba saboda ruwa, amma yayana ya ce rashin tawakkali ne ke damuna. Haka ne?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Wanda ya ga gida har ya raba wa 'ya'yansa ɗakuna a ransa, sannan cinikin ya rushe, ba ƙaramin abu ya haɗiye ba. Amma wannan magajin ya yi maka rana. Gidan gado da aka sayar ba da yardar dukkan magada ba, kotu ce ƙarshensa, kuma gara ka ji "ban yarda ba" kafin ka tare da ka ji ta bayan ka zuba siminti.

Yayanka yana son ya gan ka a gidanka ne, Allah ya saka masa. Sai dai fargabarka ba raunin imani ba ce. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wa zai ce ya fi shi tawakkali?

Ruwan Haɗejiya kuwa ba gaibu ba ne, an san ta inda yake zuwa. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su gangaro ta Wudil da Ringim su iso muku, a samansu akwai dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992. A ƙasa, wajen Kirikasamma da Guri zuwa Nguru, kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, sai ya rasa mafita ya bazu. Shi ya sa sama za ta iya yin garau a garinku amma kogi yana ta cika, musamman daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kai ganau ne a 2020 da 2022, lokacin da matasa suka riƙa kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa kuma suka sha ruwa.

Saboda haka kada ka tsaya a maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Koma gidan kai kaɗai da rana tsaka. Dubi gindin katanga: in ka ga wani layi mai duhu ya zagaye bango, ko filasta tana ɓarewa kamar gari, ko sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, to ruwa ya kwana a nan. Dubi dokin ƙofar maƙwabta, ko sun ɗaga shi da bulo biyu ko uku. Nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin ka tambaye ta inda suka kwana a daminar 2022. Sannan ka tambayi mai gidan gaba da gaba, a gaban shaidu. A shari'a ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa idan aibin da aka ɓoye ya bayyana.

Istihara fa? Yi ta, raka'a biyu da addu'arta, amma ka haɗa ta da shawarar waɗanda suka san unguwar. Ba sharaɗi ba ne sai ka yi mafarki. In bincike ya nuna gidan a kwari yake, ka bar shi ba tare da jin kunyar kowa ba. Fuloti a kan tudu, ko da nesa da kasuwa, ka tayar da ɗaki biyu da kewaye ka shiga, ya fi ginannen gida da za ka riƙa kwashe katifa duk damina. Na san ciwon ganin kuɗi yana narkewa a hannu, buhun siminti yana ƙara tsada, amma kada wannan ya tunzura ka ka ci bashi da ruwa. In sai an ranta, nemi wajen 'yan'uwa, ko ka je bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ka karanta sharuɗɗansu a tsanake.

Duk inda ka tsayar, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa, mai unguwa ya shaida. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamnan jiha, don haka ka bincika a ofishin ƙasa ko wurin yana da takardar mallaka, kuma ba kan hanyar ruwa yake ba, kafin ka sake ba wa kowa ko sisi. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.