Darasi Daga Gidan Badri: 'Ya Mace da Ilimin Nafsi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A shekarar 1907 Shaikh Babikir Badri ya buɗe wa 'yan mata makaranta a gidansa da ke Rufa'a, a bakin Bahar Azrak. Da yara 17 ya fara: tara 'ya'yansa, takwas na maƙwabta. Mutane suka yi ta surutu, wai me mace za ta yi da allo da alƙalami? Bai saurare su ba.

Wannan iri ya tsiro. A 1966 ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin Ahfad ta mata a nan Umdurman, wadda ta zama jami'a. Wani ɗan nasa kuma, Farfesa Malik Badri, da aka haifa a Rufa'a a 1932, ya zama babban masanin ilimin nafsi, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Ya yi karatu a Beirut, ya sami digirin dakta a Ingila a 1961, ya koyar a ƙasashe da dama har Malesiya, inda ya rasu a 2021. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne, Musulmi ya koyi wannan ilimi, amma ya auna shi da ma'aunin addininsa, kada ya haɗiye komai yadda ya zo.

To, mene ne aikin mai wannan ilimi game da 'ya mace? A Ahfad akwai sashen da ke koyar da ilimin nafsi da renon ƙananan yara. Wadda ta gama takan zauna da yarinyar da ta daina magana a aji, ko mai firgita cikin dare, ta saurare ta har ta gano tushen damuwar. Sau da yawa tushen wata kalma ce daga gida. "Ke mace ce, yi shiru." "Karatunki ai a madafa zai ƙare." Yaro ya faɗi jarrabawa a ce ya sake, yarinya ta faɗi a ce dama. Idan ta ji haka kullum, sai ta yarda, ta daina ɗaga hannu tun kafin a hana ta.

Mu ma mun gani. Ƙawayenmu nawa muka fara aji ɗaya da su, yau kujerunsu ba kowa? Ba don ba su da kai ba ne.

Idan muka yi awon da Malik Badri ya ce, za mu ga raina mace al'ada ce kawai. Manzon Allah (SAW) ya yi albishir da babban lada ga wanda ya kyautata renon 'ya'ya mata.

Don haka Baba, Inna, in ta kawo allonta ko littafinta, a duba, a ce madalla. Yayye maza, ku ma ku ɗauki tsintsiya ta samu ta yi bita. Mu kuma 'yan aji, kada mu yi wa mai tambaya dariya.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.