Faratan Mage: Wacce Za a Yanke Wa, Wacce Za a Ƙyale

Kafin ka ɗauki abin yankan farce ka nufi magenka, fara duba aikin da take yi a gidan. A wajenmu Kiru, har zuwa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, yawancin maguna ma'aikata ne. Da zarar an shigo da masara da dawa bayan kaka, ɓeraye sun samu wurin zuwa, mage ce ke tsaron rumbu. Kuma ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, fitsari da kashin wani irin ɓera ne ke yaɗa shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kiwon mage cikin hanyoyin rigakafi. To irin wannan magen, shawarata a bar mata faratanta. Da su take farauta, da su take haye katanga in kare ya biyo ta. Kada ka mayar da ita kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Wadda ke buƙatar yanka ita ce magen ɗaki, mai yagar katifa da labule, sai kuma tsohuwa da ta rage kartar itace. Ai kartar nan da kake gani, da ita take zubar da tsohon ɓawon farcen.

Mage na da farata 18: biyar-biyar a dagin gaba, hurhuɗu a na baya. Na biyar ɗin yana can gefe, ba ya taɓa ƙasa, shi ya sa ya fi saurin lanƙwashewa ya shige cikin nama. Shi nake fara dubawa.

Ka bari sai ta ƙoshi tana gyangyaɗi. Ɗora ta a cinya inda akwai haske, ka danna tafin dagin a hankali, farcen zai fito. Duba da kyau: bakinsa fari ne, gindinsa kuwa da ɗan ja-ja. Jan nan jijiya ce da jini. Ɗan tsinin kawai za ka cire, ka bar tazarar kamar milimita 2 kafin jan. Reza kam ban yarda da ita ba, mage na fizga ta yanke ku duka biyu. In ta fara kaɗa wutsiya, sake ta, ko da biyu ka yanke. Gobe ma rana ce. Duk mako biyu zuwa huɗu ya isa.

In jini ya fito, danna garin masara ko fulawa a wurin, zai tsaya. Amma don Allah kada ka ba ta farasitamol don rage zafi, kashe mage yake yi. Dettol ma guba ne a gare ta, tunda za ta lashe. Farcen da ya riga ya shige nama, aikin likitan dabbobi ne.

Kai kuma in ta yaƙushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15. In magen ba taka ba ce, ko ka ga halinta ya canza, je asibiti a ranar, domin mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.