Darasi: Ranar da Uwargida Za Ta Tsaya Gaban Jami'in Biza

Darasinmu na wannan Juma'a a kan ganawar bizar aure ne, wato intabiyun da ake yi wa matar da mijinta ke Amurka yake son ɗaukarta, ko mijin da matarsa ke can. A zangonmu akwai gidajen da suka yi shekara biyu ko fiye suna jiran wannan rana, ga kuɗi an kashe, ga yara suna girma ba uba a kusa. Ganawar kanta 'yan mintoci ce, amma kuskure ɗaya a cikinta yana iya mayar da iyali baya da shekaru. Za mu yi magana da uwargida, domin ita ce ta fi yawan tsayawa a wannan taga, amma maigida ma ya saurara.

Yadda maganar take tafiya

Mijin da ke can, ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin, shi ke fara cika takardar I-130 a hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS. In ta amince, sai a tura fayil ɗin cibiyar biza ta ƙasa, NVC. A nan matar ke cika DS-260 ta intanet, mijin kuma ya sa hannu a I-864, alkawarin cewa shi zai ɗauki nauyinta. A bisa ƙa'ida dole abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, gwargwadon yawan iyalinsa. In bai kai ba, sai ya nemo wani mazaunin can ya tsaya masa. Bayan haka ne ake sa ranar ganawa. Ga 'yan Najeriya, bizar zama a Legas ake ganawarta, a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island. Ko daga Kano matar take, Legas za ta zo, shi ya sa sau da yawa gidajenmu ne masaukinta.

Takardun da za ki riƙe

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6 bayan ranar da ake sa ran tafiya. Hotuna biyu irin na biza. Ba a hana hijabi, amma fuska ta fito gaba ɗaya. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Takardar shaidar 'yan sanda ga duk wanda ya kai shekara 16. Takardar aure. In ɗayanku ya taɓa aure, takardar saki daga kotu ko ta rasuwa. Sai sakamakon gwajin lafiya, wanda likitocin da ofishin ya amince da su kaɗai ke yi, kuma kafin ranar ganawa. In an ba ki ambulan a liƙe, kada ki buɗe. Ki tafi da ainihin kowace takarda tare da kwafinta.

Tun yanzu a zauna a gwada takardun da juna. Nan an rubuta Muhammad, can Mohammed. Fasfo ya ce 1994, takardar makaranta ta ce 1996. Mu a wurinmu ba komai ba ne, amma jami'i zai ga kamar mutum biyu ne. A gyara ta hanyar hukuma kafin a sa rana.

Abin da jami'in ke nema

Za a ɗauki hoton yatsunki, ki yi rantsuwa cewa gaskiya za ki faɗa. Babbar tambayar da ke ransa ɗaya ce: auren nan na zama ne, ko na neman takarda? Daga nan tambayoyin ke fitowa. Yaya kuka haɗu? Yaushe aka ɗaura, a ina, su wa suka halarta? Wane aiki yake yi, a wane gari yake zaune? Yaushe rabonki da shi? Yana da 'ya'ya da wata?

Uwargida, a nan sai a ajiye kunya. A gida ba kya kama sunan maigida, "Baban Amira" kike cewa ko "Alhaji". A gaban jami'i, in ya ce miye sunan mijinki, ki faɗa cikakke kamar yadda yake a fasfo. Shi bai san alkunya ba ce, zai ɗauka ba ki sani ba ne. Ki ɗaga murya a ji ki. In ba ki gane tambaya ba, ki ce a maimaita. In ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba; ya fi ki yi cinke ya saɓa wa abin da mijin ya rubuta. Ki karanta kwafin DS-260 ɗinki a daren, musamman in wani ne ya cika miki a shagon kwamfuta, don duk abin da ke ciki maganarki ce.

Auren haɗi na iyaye ba laifi ba ne, kada ki ƙirƙiro labarin soyayya a Facebook. Ki faɗi yadda aka yi. Hujjojinki su ne hotunan biki, hatimin shigowarsa Najeriya a fasfo, rasit ɗin kuɗin da yake turowa, hirarku ta WhatsApp, da takardun haihuwar yara.

Wurare uku da al'adarmu ke karo da dokarsu

Na farko, ɗaurin aure ta wakili. Mun saba ango yana can, wakilinsa ya karɓa masa a masallaci. Dokar shige da ficen Amurka ba ta ɗaukar auren da ango da amarya ba su halarta tare ba, sai in sun tare bayan ɗaurin. Saboda haka a ajiye shaidar cewa mijin ya zo bayan ranar, sun zauna tare.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Amurka mata ɗaya ta sani, wato ta fari, muddin aurenta na nan. Ba za a ba amarya biza alhali uwargida na ɗakinta ba, kuma dokarsu ta hana shiga ga mai niyyar zaman mata fiye da ɗaya a can. Wasu masu haɗa takardu za su ce a yi takardar sakin bogi. Jama'a, wannan wasa da igiyar aure ne, ga rantsuwar ƙarya a kai. Wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan kan abin da ya shafi bizarsa, haramcin shiga na har abada ne a dokarsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, auren zumunci. Wasu jihohin Amurka ba su yarda da auren 'ya'yan wa da ƙani ba. Mijin ya bincika dokar jihar da yake zaune wurin lauya tun kafin a yi nisa, kuma in an tambayi dangantaka a faɗi gaskiya.

Bayan ganawa

In an amince, za su riƙe fasfo su buga biza, wadda ba ta wuce wata 6, wani lokaci ƙasa da haka saboda wa'adin gwajin lafiya. Kada a sayi tikiti, kada a sayar da kayan ɗaki ko a rufe shago sai fasfo ya dawo hannu. Matar ɗan ƙasa da aurenta bai cika shekara 2 ba ranar da ta shiga, katin shekara 2 za a ba ta mai sharaɗi. Cikin kwana 90 na ƙarshensa su biyun za su cika I-751 don a cire sharaɗin.

In kuwa an miƙo takarda mai lamba 221(g), ba ƙarshen magana ba ne. Ko dai wata takarda ce ta rage, ko suna ƙarin bincike. Ana da shekara 1 a kai abin da suka nema. Kada a ba kowa ko kwabo wai yana da hanya a ciki. Jami'in da ya yi ganawar ke yanke hukunci, ɗan kan hanya ba ya iya komai.

Dokokin shiga Amurka kan sauya da sauyin gwamnati, har a taƙaita biza ga wasu ƙasashe, don haka a duba sanarwar ofishin jakadancin da kai kafin a biya kowane kuɗi. Ranar ganawa a yi sammako saboda cunkoson hanyar tsibiri, a bar waya wurin ɗan rakiya don ba a shiga da ita. Mu kuma masu masauki, mu riƙe mata yara, mu raka ta.

Allah Ya haɗa kowane iyali da alheri, Ya sa a dace. Amin.